Idon Rahama na Hagu

Magariba ta kawo jiki a Jibiya, manyan motocin Maraɗi sun yi shiru a bakin iyaka, lokacin da Lantana ta watsa ruwan zafin taliya a bayan ɗaki. Ba ta yi bisimilla ba. Wani abu ya yi ƙara siririya a gindin katanga, ita kuwa ta ja bakinta ta tsuke.

Washegari ɗiyarta Rahama ta tashi da idon hagu jajawur, goshinta na zugi kamar an ɗora garwashi, alhali ko ƙurji ɗaya babu. Haske ma ba ta son gani. Daga nan jifa ta fara. Kowace magariba tsakuwa na sauka kan kwano, a leƙa ba kowa.

Bawa mijin Lantana ya ce a tafi asibiti, ita kuwa ta kafe.

"Baban Rahama, wannan ba na asibiti ba ne."

Ita ta san abin da ta yi, kunyar faɗa ce ta fi ƙarfinta. Haka aka yi ta hayaƙi da kwalli, ido na ƙara dushewa. Kaico.

Ranar da Rahama ta fara magana da muryar tsohuwa aka ɗauko Malam Mudathir daga Riko. Ya yi ta karatu har yarinyar ta zube tana karkarwa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciyarku. An ƙone mani jika, ko sannu ba a ce ba."

"Me kike so ki fita?"

"Wadda ta zuba ruwan ta ce ita ce. Shi ke nan."

Lantana ta durƙusa.

"Ni ce. Ki yafe mani, ki sakar mata ido."

"Na yafe. Amma ido ba ni ba ce. Ni jifa na yi, da ciwonta na iske ta."

Rahama ta yi atishawa, jikinta ya saki. Jifa ba ta sake dawowa ba.

A Katsina likitan ido ya ce ƙarambau ɗin da Rahama ta yi tana ƙarama ne ya kwanta a jijiya, ya farka cikin ido, kuma wani lokaci ba ya fito da ƙuraje.

"Da kun zo da wuri, Hajiya, da an ceto shi."

A motar komawa Lantana ta zauna ta hagun ɗiyarta, hawaye na zuba. Rahama ta dubi ubanta.

"Baba, ina Inna ta zauna?"