Gaton da Marta Ta Gasa

Ranar kasuwar Tasawa ce Marta ta fara tsayawa gaban rumfar Nuhu maƙerin gwangwani, da gwangwanayen tumatir goma sha biyu ƙulle cikin tsumma. Shekarar da gero ya ƙi ce, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Ita ba ta jima da dawowa daga Maraɗi ba, inda ta koyi gashin gato, wato kek.

"So nike a lanƙwasa mini su," ta ce, idonta a ƙasa.

"Wace siffa, 'yan mata?"

Kalmar ta ƙi fita. Sai ta duƙa ta zana zuciya a yashi, ta yi maza ta goge da takalmi.

Nuhu ya yi murmushi. "Ai na gani."

Aikin da zai gama kafin azahar, kwana uku ya ɗauka yana yi. Ran da ta zo karɓa ya roƙi lambar salularta, wai ko wani zai yi yoyo. Da maraice saƙo ya shigo:

"Mai gato, ina wuni? Yau na buge yatsa da guduma. Ke ce sanadi."

Ta rufe fuska ita kaɗai a ɗaki, sannan ta amsa: "Sannu. Ka riƙa duban aikinka."

Wata biyu suna haka, sai wata safiya ta yi niyyar gasa masa. Ta kwaɓa farini, wato fulawa, da sukari da ƙwan zabi, ta shimfiɗa yashi a gindin tukunya, ta jera gwangwanayen, ta ɗora garwashi bisa murfi. Suka tashi jajur, kowane da tsagarsa a sama, ƙamshi har waje.

Tana juye su a faranti aka yi sallama. Goggo Jumma ce, ƙanwar babanta, daga Urafane da 'ya'yanta uku. Rumbunsu ya ƙare, sati biyu 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suke jiƙawa suna ci. Yaran suka tsaya suna kallon farantin, ba wanda ya miƙa hannu. Babanta, Baba Zakariya, dattijo a majami'arsu, ya shigo a bayansu.

"Na wane ne wannan?"

Marta ta sunkuyar da kai.

"'Yan uwanki na cin anza, ke kina gasa wa namiji zuciya a gidana? Ko wane ne, kar in ji."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da hannunta ta raba wa yaran, tana kauce wa idon Goggo. Guda biyu da suka rage Baba ya miƙa wa Mushe Sulaimanu, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya daɗe yana neman Marta ba ta saurare shi ba, wanda ya leƙo gaida baƙi. Shi kuwa ya bi ta kasuwa yana ci.

Kafin la'asar saƙon Nuhu ya zo: "Na ga aikin hannuna a hannun Mushe. Allah ya sanya alheri."

Kwana biyar tana rubuta amsa tana gogewa, abinci ma ba ya shiga. Goggo Jumma ta same ta bakin murhu.

"Ɗiyata, ke kika hana ruwan sama? Yarana sun ci daɗin da ba su taɓa ci ba. Amsa wa bawan Allah nan."

Marta ta share hawaye ta rubuta: "Naka ne duka, Nuhuna. Masu yunwa suka riga ka. Kunyarka nike ji, da ta kowa."

Washegari da hantsi sai ga shi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, laifina ne. Ni na sa ta."

Marta na bayan zana. Ba ta san lokacin da muryarta ta fita ba.

"Ba shi ya sa ni ba, Baba. Ni na so."

Baba Zakariya ya daɗe yana duban saurayin.

"Ƙarya ba ta da kyau, ko don rufin asiri. Ina iyayenka?"

"Mayahi, Baba."

"Su zo. Amma ba biki sai an yanke gero."

Allah ya ba da damina mai albarka. Bayan girbi Kawu Ishaƙu ya jagoranci dangin Nuhu daga Mayahi, aka ɗaura aure a ƙaramar majami'ar Tasawa, Goggo Jumma na rangaɗa guɗa. Baba ya ɗora hannu bisa kawunansu.

"Ubangiji ya ba ku zaman lafiya, ya cika rumbunku, kada baƙo ya fita gidanku da yunwa."

Jama'a suka amsa da amin. Nuhu ya matso ya raɗa mata, "Yanzu dai ɗago ki dube ni, amaryata."

A gaban kowa, Marta ta ɗago.