Kan Sa a Saman Ƙofa

"Yaya Ni'ima, wannan mutumin wa ya kashe? Dubi hannunsa duk jini!"

Fadima ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, da muryar da ta kai har rumfar masu tumatir. Yayarta Ni'imatu ta toshe mata baki da gefen lafaya, amma magana zarar bunu ce.

Nasrullahi ya ajiye gatari ya sunkuyo. "Sa na kashe, ƙanwata, shi ma da bismilla. In kin sha romonsa anjima, ke ma da hannunki a ciki."

Ni'imatu ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Wannan dariyar ce ta hana shi sukuni. Asabar ce a kasuwar Diguel da ke birnin N'Djamena, shekarar 2004. Sauran ranakun mako ma'aikacin duba lafiyar nama ne a mayanka, da farar riga da takardar shaida. Asabar kuwa yana taya mahaifinsa, Malam Mudi, wanda ya shekara talatin a bayan wannan tebur. Kafin ta tafi ya ƙara mata gyaran hanta, ya rubuta lambarsa a takardar da ya naɗe naman.

Kwana huɗu ta yi kafin ta turo saƙo: "Fadima ta ce a gaida mai kisan kai."

Ya mayar: "Ki ce mata yanzu ni aka kashe, kuma yayarta ce."

Daga nan zance ya kankama. Yana ce mata Ni'imata, tana ce masa Dokta. Sai dai gidansu a unguwar Bololo ba gidan da ɗan mahauci zai yi sallama ba ne. Mahaifinta, Alhaji Salihu, ɗan kasuwar atamfa ne da ya taso daga Kano shekara shida da suka wuce, ya zo da dukiyarsa da alfaharin asalinsa. Ga kuma Kamaluddeen, ɗan abokin cinikinsa, wanda ke shiga har tsakar gida yana kiran Ni'imatu "matar gida" ba da yawunta ba.

Saboda haka ta gyara labarin tun daga farko. A gida an san Nasrullahi likitan dabbobi ne, mahaifinsa kuma falken shanu.

Wata takwas aka yi a haka. Da wurin aikinsa suka zaɓe shi zuwa horon wata uku a Faransa, sai suka tsai da cewa yana dawowa za a kai goro. Ranar da ya je sallama bayan la'asar, ta fito da sauran shirin.

"Dokta, ai dama uba ba ya zuwa neman aure, baffanka Hamisu ne zai zo, shi kuwa shanu yake sayarwa da gaske. Matsalar masu bincike ce. Abba zai tura mutane Diguel."

"To?"

"Baba ya rufe tebur. Wata biyu kawai, har a ɗaura. Bayan nan wa zai kwance?"

"Ni'imata, kin san abin da kike nema kuwa?"

"Kai nake nema! In Abba ya ji kalmar fawa, wallahi Kamalu zai ba wa. Ka zaɓa."

Da kunya kamar ƙasa ta tsage ya faɗa wa mahaifinsa. Malam Mudi bai daina wasa wuƙa ba. Can ya ce, "In sai na ɓuya za ka samu mata, zan ɓuya. Ranar da za a fara ka faɗa min." Da tsohon ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

A Faransa sanyi ya karɓe shi. Wata Lahadi aka kwashe ɗaliban zuwa wani tsohon gari don buɗe ido. Suka bi lunguna masu daɓen duwatsu har suka tsaya gaban ƙofar garin. Ginin farin dutse ne da ya rine saboda daɗewa, da ginshiƙai biyu kowane gefe, da baka mai tsawon da raƙumi da kayansa zai wuce bai sunkuya ba. Tattabaru sun yi gida a kusurwoyi. Mai yi musu jagora, wata dattijuwa mai jar lema, ta ce an gina ta sama da shekara ɗari huɗu, a zamanin da Turawa ke kira Renesans, lokacin da suka haukace da ƙawata gini.

Sauran suna ta ɗaukar hoto, shi kuwa idonsa ya maƙale can sama. A gefen tambarin masu mulkin garin an sassaƙa kan sa da ƙahoninsa, ƙarƙashinsa gatari da wuƙa a gicciye. Irin gatarin Malam Mudi sak, har lanƙwasar bakin.

Ya tambaye ta da Faransanci mene ne wancan.

"Alamar ƙungiyar mahauta ce," in ji ta. "Su aka ba wa gadin wannan ƙofa, ta nan ake shigo da shanu. Da aka sake gina ta suka ce sai an sa alamarsu inda duk baƙo zai gani. Kakan mahaifiyata ma mahauci ne." Ta faɗa tana gyara lema, kamar mai cewa kakanta alƙali ne.

Nasrullahi ya dafa dutsen, sanyinsa ya ratsa tafinsa. Waɗannan mutane sun rasu tun ƙarni huɗu da suka wuce, sun bar gatarinsu a saman ƙofar gari. Shi kuwa nasa uban yana raye, da wannan gatari ya biya masa makaranta, ga shi yana shirin tura shi ɗaki ya ja ƙofa. Ya jingina da ginshiƙin ya rubuta:

"Ni'imata, Baba ba zai rufe tebur ba, ko na yini ɗaya. Ina dawowa zan faɗa wa Alhaji gaskiya."

Amsa ta zo kafin ya mayar da wayar aljihu. "Ka sha wani abu ne a can?"

"Ina tsaye a wata ƙofa da aka sassaƙa kan sa da gatarin mahauta a samanta. Na ji kunyar kaina."

"Dutse ne zai raba ni da kai? To ka auri ƙofar. Kada ka sake kirana."

Ya kira sau goma sha ɗaya a wannan makon, ba ta ɗauka ba. Hoton ƙofar da ya aika mata ta hannun wani matafiyi, a yage aka mayar wa wata ƙanwarsa a gida.

Kwana biyu da saukarsa N'Djamena ya nufi shagon Alhaji Salihu da hantsi. Kamaluddeen na zaune a kan dilar atamfa yana shan shayi. Nasrullahi ya durƙusa ya gaisar, sannan ya ce, "Alhaji, an faɗa maka ba daidai ba, kuma da saninna. Mahaifina Malam Mudi ne, mahauci a kasuwar Diguel. Kakana ma mahauci ne. Ni ma duk Asabar ina saran nama."

Fuskar Alhaji ta sauya. "Wata takwas kana zama a kan tabarmata? Kai, a zuriyarmu ba a taɓa haɗa jini da masu fawa ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Tashi ka fita kafin ƙarni ya kama min kaya!"

Kamaluddeen ya tuntsire da dariya. "Ai Alhaji ni tun bara na sani. Jira nake ranar da za su kawo goro in tona su a gaban jama'a, a ga ƙarshen Dokta."

Alhaji ya juyo a hankali. "A gaban wace jama'a? Tawa? A zaurena? Ka san ana yaudarata, ka zuba ido don a yi dariya da gemuna?" Ya nuna masa hanya. "Kai ma bi shi. Kalas, magana ta ƙare!"

Haka samari biyu suka fito ƙofa ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Wata uku ba kira ba saƙo. 'Yan Bololo suka sa masa suna Dokta Gatari, har yaran unguwar na yi masa kukan sa in ya gifta. Ya rame, amma kowace Asabar yana bayan tebur.

Wata Asabar yana cikin yankan tsoka ya ji kasuwa ta yi tsit. Ni'imatu ce tafe, mahaifiyarta Hajiya Hansatu na biye da ita fuska a murtuke. Ko kallonsa Ni'imatu ba ta yi ba. Ta zagaya bayan tebur, ta durƙusa da sabuwar lafayarta a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a gaban Malam Mudi.

"Baba, ni ce na ce a ɓoye ka. Ba shi ba ne. Ka yafe min."

Tsohon ya rikice, ya shiga goge hannu a riga. "Tashi 'yata, tashi, za ki ɓata kayanki. Tsoro ne ya sa ki, na sani. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Hajiya Hansatu ta dubi Nasrullahi sama da ƙasa. "Kai ne ka hana min yarinya cin abinci? Ban zo don ina so ba. Na zo in ga mutumin da ya yarda ya rufe sana'arsa saboda ɗansa." Ta ƙara duban tsohon. "Na gani. Ku turo manyanku, Alhaji ku bar ni da shi."

Da yamma saƙo ya shigo: "Dokta, har yanzu ina fushi. Amma ka sake wanko min hoton nan."

Ya mayar: "Fushinki ma ni'ima ne. Zan wanko biyu, ko za ki sake yagawa."

Alhaji Salihu bai sauko da daɗi ba. Sai da Hajiya ta yi sati shida tana tuna masa cewa 'yarsa ce ta yi masa ƙarya, ɗan mahauci ya kawo masa gaskiya har shago. Ranar da ya amince cewa ya yi, "Na ba shi, amma kada a ce in yi murna." 'Yan'uwansa na Kano suka aiko cewa ba za su zo ba, kuma ba su zo ba.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Malam Mudi ya zauna a sahun gaba da farar babbar riga, mahautan Diguel kaf a bayansa. Da aka shafa fatiha Alhaji ya miƙa masa hannu a taƙaice, ya ce, "Ga amana nan." Malam Mudi ya riƙe hannun da hannu biyu. "Ta zama 'yata. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari." Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Ke mai karatu, ko 'yarki ce ko ƙanwarki ko ke kanki, ki ji da kyau. Kada ki nemi namiji ya ɓoye ubansa don ya same ki. In ya ƙi, ki riƙe shi da hannu biyu. In kuwa ya yarda har ya aikata, ki tattara zanenki ki gudu, domin wanda ya iya rufe ƙofa a kan mahaifinsa, rufe ta a kanki da 'ya'yanki ba zai yi masa wuya ba.