Reshen da Kambai Ya Yanka

Shalom ta riga kowa zuwa taron watan Nuwamba na ƙungiyar masu rainon furen wardi. Ta sa rigar nan mai ruwan zuma da ta san Kambai yana so, ta ɗora kot a kai amma ta ƙi rufe maɓallan, duk da sanyin da ake zubawa a Birmingham. Kujerar da ke kallon ƙofa ta zaɓa. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin taron nan na Ladywood sai gabanta ya faɗi, ta ɗaga kai ta ga wani tsohon Bature ne da hular sanyi da takalmin lambu.

Sakatariyar ƙungiyar, Hajiya Fulera, mutuniyar Kumasi da ta daɗe a Aston, ta miƙe ta fara bayar da labaran wata da Turanci. Takin doki ya iso, kowa ya zo da buhunsa. An gyara famfon lambu. Wanda ya ari baro tun bazara ya ji tsoron Allah ya maido. Aka yi dariya. Da ta zo kan labari na ƙarshe sai ta cire tabarau, ta ƙi kallon inda Shalom take.

Ta ce Kambai ya kira ta daga Manchester, yana gaida kowa. Ba zai zo ya tone itacensa Tsohuwa ba, ya bar wa ƙungiya ita kyauta.

Ɗakin ya ɗauki tafi.

Shalom ce kaɗai hannunta ya ƙi ɗaguwa.

Ana tashi ta bi Hajiya wajen teburin shayi.

"Hajiya... cewa ya yi ba zai zo ba?"

"Haka ya ce, ɗiyata."

"Ai ba zai iya barinta ba. Tsohuwa ce fa. He promised, ya ce in ganye ya zube zai zo..."

Hajiya ta ajiye butar shayi ta dube ta da tausayi.

"Ashe ranar da zai tafi ya yanki reshe ɗaya. Ya ce ya yi saiwa a tukunya."

Tsohuwa itacen wardi ne mai fure ruwan goro. Kambai, ɗan Kafanchan da ya zo aikin kula da tsofaffi, shi ya tsince ta a bayan gidan wata dattijuwa da ya yi jinyarta har ta rasu, 'ya'yanta na shirin jefar da ita a shara. Ya kawo ta lambun ƙungiya babu ganye ko ɗaya, sai ƙaya. Kowa ya ce ta mutu. Shi ya ce barci take.

A wajen wannan itacen suka haɗu. Likita ne ya ce wa Mama Monica, mahaifiyar Shalom, ta riƙa aikin lambu saboda hawan jini. Mama ta je sau biyu, ta ce ita ba ta baro gonar dankali a Jos don ta zo Ingila ta durƙusa wa fure ba. Ta bar wa Shalom wurin. Shalom kuwa tun tana 'yar firamare aka kawo ta ƙasar, ta yi karatun haɗa magunguna, tana aiki a wani kemis a Bristol Road, ba ta san bambancin ciyawa da shuka ba. Ranar farko ta kusa tuge wa Kambai Tsohuwa da niyyar taimako. Ya riƙe mata hannu yana dariya, kuma a gaskiya tun daga ranar bai saki ba.

Shi ya koya mata yanka reshe a karkace. Shi ya gyara mata Hausar da ta fara tsatsa. Shalo yake kiranta, ita kuma ta ce masa Manomi. Ta so shi irin son da ke sa mutum ya riƙa murmushi shi kaɗai a cikin bas.

Mama Monica ba ta taɓa cewa yaron ba shi da hali ba. Yana zuwa coci, yana durƙusawa ya gaishe ta, ya taɓa kai ta asibiti a ranar hutunsa. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a wuya: bizar aiki gare shi, 'yarta kuma tana da fasfon ƙasar. Ta ga 'ya'yan ƙawaye da aka aura saboda takarda, aka watsar da su da takarda ta fito. Kullum suna cin tuwo a gidansu na Selly Oak sai ta saka maganar a miya.

Sai ga Celestina.

Celestina 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinsu ce, mai zaƙin murya da zaƙin baki. Ita ta je gaban matan zumunta, ta sunkuyar da kai kamar maganar na yi mata ciwo, ta ce ba ta so ta faɗa ba, amma Kambai ya fara neman ta kafin Shalom, kuma tambayarsa ta farko ita ce ko tana da fasfo. Kafin a tashi sujada ranar Lahadi labarin ya zaga coci ya dawo.

Shalom ta yi ta faɗa wa kanta ƙarya ne. Amma magana in ana zuba ta safe da yamma, ko ba a yarda ba tana samun wurin zama.

Ranar baje kolin furanni na watan Yuni, Tsohuwa ta zo ta ɗaya. Kambai ya ciro fure ɗaya daga kwalba ya nufo Shalom, fuskarsa kamar ta yaro ranar Kirsimeti. Mama na tsaye a gefe, Celestina na bayanta. A nan, a gaban jama'a, Shalom ta yi masa tambayar.

"Kambai, da ba ni da fasfon ƙasar nan, za ka so ni?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye furen a kan tebur a hankali, ya fita.

Bai rufa wata ba ya samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Manchester. Kowa a ƙungiya ya san ba a tone wardi tana cikin ganye, mutuwa za ta yi. Don haka ya bar Tsohuwa, ya ce zai dawo ya ɗauke ta a Nuwamba in ta yi barci.

Hajiya Fulera ba ta nan duk aka yi wannan, tana Makka. Da ta dawo ta ji labari sai ta tafa hannu tana salati. Ta ce ita da kunnenta ta ji, tana cikin rumfar kayan aiki, ranar da Celestina ta biyo Kambai lambu ta ce ya aure ta ya huta da zancen biza. Ya ce mata ya gode, zuciyarsa na wani wuri.

Shalom ta yi kuka har idonta ya kumbura. Hajiya ta ce ta kira shi yanzun nan. Ta ce a'a, irin wannan ban haƙuri ba na waya ba ne, sai ido da ido. Ai zai zo. Dole ya zo, Tsohuwa na nan.

Haka ta faɗa wa Hajiya, haka ta faɗa wa kanta. Gaskiyar ita ce tsoro take ji ta kira ya ƙi ɗauka. Sai ta mayar da ban haƙurin kan Tsohuwa. Ta ba ta ruwa duk bazara, ta cire mata ƙwari da hannu, ta zuba mata taki, tana lissafin yadda zai zo ya ga yadda ta bunƙasa ya gane ba sai an yi magana ba. Ta ɗauka ta ɗaure shi da itace, ashe shi ya daɗe da yankar rabonsa.

Washegarin taron ta hau jirgin ƙasa daga New Street, da adireshin da Hajiya ta ba ta.

Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon aski a unguwar Moston ta Manchester. Da ya buɗe ƙofa sai ta ga ya rame. A bayansa akwatuna biyu ne a buɗe, an cika su da kaya. A kan taga kuma ga 'yar tukunya, da ɗan reshe bai fi tsawon hannu ba.

"Shalo..."

Duk jawabin da ta haddace a jirgi ya gudu.

"Ka yafe min, Manomi. Na san gaskiya. Ka yafe min."

"Na yafe miki tun kafin in kai bus stop ranar."

Ya ba ta kujera, shi ya zauna a bakin gado. Ta tambaye shi akwatunan mene ne. Ya yi mata bayani a hankali, kamar labarin wani yake bayarwa. Gidan da yake aiki an karɓe musu izinin ɗaukar ma'aikata daga waje. An ba shi ɗan wa'adi ya samu wani wurin, ya nema har takalminsa ya gaji, bai samu ba. Wa'adin ya kusa cika. Mako mai zuwa zai koma gida.

Shalom ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa, ta kama hannayensa biyu.

"To mu yi aure. This week, ko gobe in za a yarda. Ni nake roƙonka, Kambai, ba kai ba. Zan faɗa wa Mama, zan faɗa wa coci gaba ɗaya."

Ya rufe ido. Ta ga hawaye ya gangaro ta gefen hancinsa.

"Yaushe kika san gaskiyar?"

"Tun Yuli..."

"Yuli." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "A Yuli ina da aiki, masoyiyata. Ina da biza mai sauran shekaru. Da kin kira ni a Yuli, da a ƙasa zan tako daga nan har Selly Oak. Duk break ɗin da na samu wayata nake dubawa."

"Na ɗauka za ka zo saboda Tsohuwa..."

"Na yanki reshen ne don na san ba zan iya sake taka lambun nan ba sai in ke kika kira ni."

"To ga ni na zo!"

"Kin zo lokacin da auren ki ne kaɗai zai hana a kore ni. In na ce to yau, ranar da muka yi faɗa a kan gishirin miya tambayar nan za ta dawo bakinki. Kuma ba zan sami amsa ba, Shalo. Ni kaina ba zan ƙara sanin ko don ke na yi ba, ko don tsoron komawa."

Ta rantse masa ba za ta sake tambaya ba. Ya ce ya yarda da ita, kansa ne bai yarda da shi ba. Ta ce to za ta bi shi Kafanchan. Ya share mata hawaye da babban yatsa, ya tambaye ta wa zai kai Mama asibiti, wa zai duba mata magani, kuma ita da ko sauron gida ba ta sani ba.

Ta buɗe baki za ta yi musu.

Fuskar Mama ta faɗo mata a rai, ta sunkuyar da kai.

Wannan ya fi komai yi mata ciwo, domin dukansu sun gane amsar.

Ya raka ta tashar Piccadilly da tukunyar a hannunsa. Ba a barin mutum ya hau jirgin sama ɗauke da ƙasa da saiwa, in ji shi, don haka ta riƙe. Kada ta cika mata ruwa. Kada ta dasa ta a ƙasa sai sanyi ya wuce. Ya yi ta jero mata ƙa'idoji kamar ranar farko, ita kuma tana gyaɗa kai don kada ya daina magana. Da jirgi ya iso ya sumbaci goshinta.

"Allah ya tsare min ke, Shalo."

Ta rungume tukunyar ta shiga jirgi.

Da yamma ta isa gida ta tarar da Mama Monica a kicin tana yanka alayyafo. Mama ta dubi idonta, ta dubi tukunyar, ta tambaye ta daga ina. Shalom ta faɗa mata duka, a tsaye, ko kot ba ta cire ba.

Mama ta ajiye wuƙa.

"Ke kika ce ya aure ki?"

"Ni na ce, Mama."

"Kuma za a mayar da shi gida?"

"Mako mai zuwa."

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi, Mama."

Mama Monica ta daɗe a tsaye, hannunta a kan tebur. Can ta goge hannu a zani, ta karɓi tukunyar da hannu biyu kamar jariri aka miƙa mata. Ta je wajen taga ta kwashe kwalaben yaji da ta jera a wurin shekara da shekaru, inda rana ke fara sauka da safe, ta ajiye ta a nan.

Ba ta juyo ba ta yi tambayar, muryarta can ƙasa.

"Sau nawa ya ce a riƙa ba ta ruwa?"