Kiran da Ya Maƙale a Gada

A ɗakin shan shayi na kamfanin suka fara haɗuwa, ta tsaya da laftof a hannu tana harararsa tun bai san laifinsa ba.

"Kai ne mai laburaren nan? To, ba ya jin yarena."

Dogo, haka kowa ke kiransa, shi ya rubuta laburaren, wato tarin umarnin kwamfuta da ke sa manhaja ta aika kira zuwa wata kwamfuta can nesa, a yi mata aiki a dawo mata da amsa. Ita kuwa da wani yaren kwamfuta take aiki, irin wanda komai fankishan ne, wato ɗan umarnin da ake ba wa abu ya mayar da amsa, kuma an ɗora mata gina gada tsakanin yaren da laburarensa. Ran nan ya laƙaba mata 'Yar Gada. Wai ba ta so, amma duk ya kira sai ta waiwayo.

Kafin gada ta kai rabi, soyayya ta gama ginuwa.

Da ya je gaida Babanta, tsohon ya ƙare masa kallo ya ce, "Mutum ya wuni gaban allo ya ce aiki yake? To, zan yi tunani."

Shi ke nan fa. Dogo ya koma ya zuba wa waya ido, kunya ta hana shi komawa. Makonni suka shuɗe shiru. Ana haka Goggo, ƙanwar Babanta, ta fara sintiri da maganar a haɗa ta aure da ɗanta mai kemis, wanda kowa ke ganin shagonsa da ido.

'Yar Gada ta tura wa Dogo saƙo: "Dogona, Baba ya ce ƙarshen mako zai ba Goggo amsa. Ni ba ni da bakin magana a gidan nan. Wallahi tsoro nake ji."

Ya amsa: "'Yar Gadata, ya ce zai yi tunani. In na koma ba a kira ni ba, zai ce ban da tarbiyya. Ban san yadda zan yi ba."

Ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta. Ga gadar ma ta ƙi: kira ya tafi ya maƙale, ba amsa, ba saƙon kuskure. Ta bi layukan umarnin da jajayen idanu, sai ta gano matsalar. Ɓangarenta na jiran nasa ya fara magana, nasa na jiran nata, kuma ba wanda aka sa wa wa'adi.

Nan Dogo da Baba suka faɗo mata a rai, sai ta taka har teburinsa.

"Tashi ka je wurin Baba. Ko korarka zai yi, gara mu ji da kunnenmu."

Ya tashi ya tafi. Baba na ganinsa ya ajiye rediyo.

"Ina ka shige? Cewa na yi zan yi tunani, ban ce ka ɓace ba! Tuni na gama, na ga shiru na ɗauka ka fasa. Yarinya duk ta rame mini. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Goggo ta zo tana cika tana batsewa, amma ta sa albarka. Baba ya riƙe hannun Dogo ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Kuma in ka ji ta yi shiru, kada ka zauna jira, je ka tambaye ta."