Tsakuwar Hanyar Farcha

Da hantsi ne, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, rana ta fito da wani zafi mai manne wa mutum a jiki. Gari duk taɓo. Sufeto Kamaluddeen yana kankare takalminsa a bakin ofis sai ga mutane sun shigo komisariya, wato ofishin 'yan sanda, suna jan wani saurayi. Leɓensa ya fashe, hannunsa na dama ya kumbura suntum.

A gabansu akwai dattijo mai babbar riga, Alhaji Abdulmutallib, mai sayar da kayan gini a Diguel. Ko da ya yi shekaru da zuwa daga Najeriya, Larabcin garin bai zauna masa a baki ba, shi ya sa aka turo shi wurin Sufeto. Shi Sufeto jikan Hausawan nan ne da suka yada zango a nan kan hanyar Makka, ba su ƙara gaba ba.

"Yallaɓai, wannan Salmanu ne, tsohon direbana," in ji Alhaji. "Na sallame shi, shi ne ya zo da asuba ya fasa mini gilashin gaban mota da bulo."

"Ka gan shi da idonka?"

"Maƙwabta sun gan shi a ƙofar gida."

"Su suka yi masa wannan?"

"Zuciya ce, Yallaɓai. Ni dai takardarku nake so, mai sunansa, in kai wa 'yan inshora."

"Kafin yau gilashin lafiya yake?"

"Garau. Ko ƙwarzane babu."

Sufeto ya sa aka kai Salmanu bayan kanta, ya hau babur ya bi Alhaji zuwa Diguel.

Motar Fijo ce, tana cikin zaure. Gilashin bai zube ba, ya dai lotsa ciki, ya yi tsaga-tsaga kamar busasshen tafki. Ga jan bulo a kan bonet. Sufeto ya daɗe yana dubawa, don shi ba mai gaggawa ba ne. Can gefen direba, ƙasa kaɗan, ya ga wani wuri mai kusurwa huɗu da ya fi sauran gilashin haske. Ya taɓa, gam ya kama masa yatsa. A tsakiyar wurin akwai ɗan rami, tsagarsa ta yi baƙi da tsohuwar dauɗa.

"Alhaji, me ke manne a nan?"

"A ina? Ban sani ba. Kayan direbobi ne."

Sufeto ya goge yatsansa. Ya koma ofis, ya sa aka fito da Salmanu.

"Ina kake da asuba?"

"Ina gida, Yallaɓai."

"An gan ka a ƙofar Alhaji."

Salmanu ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoro ne. Na je. Lasin tuƙina yana hannunsa, tun da ya kore ni ya riƙe. Na samu aikin jan motar nama a mayankar Farcha. Malam Yunusu mai motar ya ce in kai masa lasin kafin la'asar yau, in ba haka ba zai ba wani. Na ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba, na zauna a dakali. Sai na ji ƙara daga ciki, sai Alhaji ya fito yana ihu."

"Me ya sa ya kore ka?"

"Tsakuwa. Muna dawowa daga Farcha, tifa ta wuce mu da gudu. Na dafa gilashi da yatsa don kada ya fashe, kamar yadda kowa ke yi, amma ina. Sai ji muka yi ƙas! Alhaji ya ce ban dafa da kyau ba."

"Yana cikin motar ke nan?"

"Yana gefena, yana jan carbi."

"Ka kai gyara?"

"Na kai wa mai gilashi a Ambassatna. Ya ce sai dai sabo, kuma sai an kawo daga Kusuri. Ya ce in rufe ramin kada ruwa ya shiga tsagar ta yi tafiya. Sai na sayi sitika na manna."

"Wace iri?"

"Mai Ayatul Kursiyyu. Launinta kore."

Ya ɗago ido. "Yallaɓai, don Allah, ƙarfe nawa yanzu?"

Sufeto ya dubi agogo, bai gaya masa ba. Ya ɗauki makullin babur.

Ofishin inshorar ɗaki ne guda mai fanka, da wata mata mai tabarau, Madam Firdausi. Da jin sunan Alhaji ta taɓe baki.

"Wannan? Ai ya zo tun farkon damina, ya cika mana ofis da faɗa."

"Kan me?"

"Kan tsakuwa. Na ce masa, Alhaji, irin inshorar da ka yanka ba ta biyan tsakuwa. Tsakuwa ba ta da suna, ba ta da unguwa, wa za mu bi? Ka kawo lambar tifar. Ya ce shi carbi yake ja, ba lamba yake karantawa ba."

"Sai me?"

"Sai ya ce, to in mutum ne ya fasa fa? Na ce wannan daban, in 'yan sanda sun kama shi sun rubuto sunansa. Ya ce kalas, shi ke nan, ya fita."

"Madam, ke kika nuna masa hanya ke nan."

"Ni? Tambayata ya yi na amsa, Shef. Aikina ke nan."

Hanyar Diguel ta cika da ruwa, babur ya mutu masa a wani kududdufi, sai da ya tura. Da ya isa an riga an sallame azahar. Ya tarar da Alhaji a shagonsa, tsakanin buhunan siminti, yana shan shayi.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. An rubuta?"

"Saura kaɗan."

Sufeto ya zauna, ya bar idonsa ya yi yawo. Can sama da ƙofa, daga ciki, inda hannun yaro ba ya kaiwa, ya hango abu kore. Ya taka buhu ya ɓamɓaro shi a hankali. Sitika ce ta Ayatul Kursiyyu, ta ɗan yamutse. A bayanta, tsakiyar gam, akwai tabon dauɗa zagayayye da 'yan ɓarɓashin gilashi suna ƙyalli.

"Wannan fa?"

"Ta daɗe a nan. Tsari ne."

"To mu je zaure mu gwada ta a jikin gilashi. In ba ta zauna daidai ba, ni zan ba ka haƙuri a gaban jama'a."

Alhaji ya ajiye kofin shayi. Bai tashi ba.

"Alhaji," in ji Sufeto a hankali, "wanda ya zo da fushi cikin gaggawa ba ya tsayawa ɓamɓare sitika. Jifa yake yi ya ruga. Wanda ya cire wannan, motar a gidansa take, yana da lokaci. Kuma bai yarda bulo ya sauka a kan sunan Allah ba."

Alhaji ya dubi sitikar.

"Ta yaya zan doki aya da bulo?" ya ce. "Ni Musulmi ne."

"Amma yaron mutane an doke shi."

"Ban ce su karya shi ba! Na ji shi yana ƙwanƙwasa ƙofa, sai Shaiɗan ya ce mini ga suna ya zo da ƙafarsa. Shekara da shekaru ina biyan mutanen nan, ran da na nemi abu ɗaya suka ce tsakuwa ba ta da suna. To na samo musu suna. Da sun biya ai da na sa an sake shi."

"Ina lasin?"

Alhaji ya zaro shi daga aljihun gaba.

Suna shiga komisariya shi da Alhaji, ladan yana kiran la'asar. Aka fito da Salmanu, Sufeto ya miƙa masa lasin. Ya kai hannun dama, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, sai ya karɓa da hagu.

"Hau babur in kai ka Farcha," in ji Sufeto. "Zan yi wa Malam Yunusu bayani."

Salmanu ya dubi hannunsa. "Ko ya jira, Yallaɓai, da me zan sa giya? Nama ba ya jiran ƙashi ya warke."

A bakin ƙofa kuwa tuni wasu manyan 'yan kasuwa, abokan Alhaji, sun fara taruwa, suna gaisawa da Kwamishina da hannu biyu. Sufeto ya san Alhaji ba zai kwana a nan ba.

Wani kofur ya sa wa Alhaji ankwa ta baya, ya tura shi gaba. Wucewarsu gefen tebur, babbar rigar ta share sitikar da Sufeto ya ajiye a kai, ta faɗi ƙasa inda takalma suka shigo da taɓo.

"Aya! Aya a ƙasa!" in ji Alhaji. Ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, kofur ya riƙe shi.

Salmanu ne ya durƙusa. Ya ɗauke ta da hagu, ya goge a ƙirjin rigarsa, ya cusa ta a aljihun gaban Alhaji, inda lasin ya fito.

Alhaji bai dube shi ba. Kofur ya ja shi suka shige.