Mashayar Shanun Baffa

Ranar da Mahfuza ta fara ganin Nu'uman, faɗa ta je yi masa.

Shanun mahaifinta, Malam Jafaru, sun dawo daga kudu da saukar damina, suka doshi gulbin Tsaskiya shan ruwa, sai suka ci karo da shingen waya da dashe reras a bakin gaɓa. Ta sauke ƙwaryar nono, ta nufi saurayin da ke tsugune yana dasa itace.

"Malam, wa ya ce ku toshe mana mashaya?"

Ya ɗago ya dube ta, nan take bawan Allah ya manta da dashen da ke hannunsa. Da kyar ya tattaro bakinsa ya ce shi ne shugaban matasan da ke gyaran gaɓa, don kowace shekara ruwa na zaftare gonaki.

"Sai da muka yi taro, kowa ya yarda."

"Yaushe?"

"Da rani."

"Da rani mazanmu suna ina?"

Kunya ta kama shi. Matasan sun auna wurin ne lokacin da shanu ke kudu, burtali babu sawu ko ɗaya, suka ɗauka hanyar ta mutu. Kunyar da ta rufe shi ce ta burge ta. Da ya nemi lambarta, wai don shawarar aiki, ta ba shi, ta kuwa san ba aiki kaɗai ba ne.

Kafin ta kai ruga saƙo ya shigo: "'Yar Fillo, yau kin kayar da ni a gaban dashena. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin naki ba."

Ta amsa: "Manomi, buɗe mana hanya tukuna, sai mu ga ko kana da rabon wani."

Wasa-wasa so ya kama su, irin wanda ke sa mutum murmushi shi kaɗai yana dama fura.

Amma Malam Jafaru ko sunan yaron ba ya son ji. Dole ta sa shanunsa ke zagayawa wani tafki a gefen daji, inda ɓarayin shanu ke shawagi, kullum zuciyarsa a hannu.

"Wanda ya tura dabbobina bakin daji ba ya zama surukina," in ji shi. "Ga ɗan'uwanki Sharfaddeen nan."

Sharfaddeen kuwa da ma dama yake jira. Ya same ta wajen tatsa yana washe baki.

"Masoyin naki ya ƙaro wayar shinge, har lodin babur biyu. Je ki gani."

Ta je ta gani da idonta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kashe wayarta, ta sha kuka ta ƙoshi. Sai da Inna ta sa ta kiran wata 'yar'uwa a waya ta kunna, saƙo ya faɗo:

"Hasken raina, kin yanke mani hukunci ba ki ji ta bakina ba. Ranar Asabar ki taho da Baffa bakin gulbi. In na ba ki kunya, kar ki ƙara duba na."

Asabar ta yi, bakin gulbi ya cika maƙil: manoma, makiyaya, mata masu ɗiban ruwa, har da tsofaffi magina tukwane da ke haƙar yumɓu a gaɓar, waɗanda wancan karon ba wanda ya tuna da su. Da ma Nu'uman ya zagaya rugage da ƙafarsa ya gayyato kowa.

Ya miƙe ya ce, "Mun yi kuskure. Gulbin nan na kowa ne. Baffa, nuna mana inda shanu ke bi."

Malam Jafaru ya harare shi, sannan ya ja layi da sandarsa. Layin ya ratsa ta gefen gonar Nu'uman, daidai inda geronsa ya fi kyau.

Nu'uman ya naɗe hannun riga, ya shiga tuge geronsa da kansa. Matasa suka rufa masa baya, aka ciccire dashen da ya tare hanya aka mayar gefe-gefe. Ashe sabuwar wayar ta killace ɓangarorin burtalin ce, don shanu su wuce ba su taɓa dashe ba. Aka ware wa mata wurin ɗiban ruwa, magina ma aka bar masu raminsu.

Da shanu suka gangara suka tsoma baki a ruwa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Mahfuza ta rufe fuska da mayafi, dariya da hawaye duk a lokaci guda.

Malam Jafaru ya daɗe yana kallon dabbobinsa, sannan ya juyo.

"Yaro, ka yi asarar gero."

"Ba komai, Baffa."

"Takin gonarka na wuyana bana. Kuma ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Manoma suka zo da damman gero, makiyaya da ƙoren nono, har Sharfaddeen ya ci ya yi ƙari. Da za a tafi da amarya, Malam Jafaru ya dafa kafaɗar ango.

"Ka buɗe wa shanuna hanya, Allah Ya buɗe maku ƙofofin alheri. Ga Mahfuza nan, amana."

Jama'a suka amsa da amin, amarya ta fi kowa ɗaga murya.