Hular Auta

Ranar da aka sha kaye a zaɓe ba a neman dalili, mutum ake nema. Ni ke buga wa ɗan takararmu na shugaban ƙasa fosta, don haka a gabana aka yi wannan abin.

Darakta shi ne shugaban kamfen ɗin, mutum mai zaƙin baki da dogon buri. Ƙanensa Auta ne ke kula da wakilanmu na rumfunan zaɓe. Auta kuwa ko wuta yayansa ya ce ya shiga, sai dai ya tambayi ta wace ƙofa.

Da zaɓe ya ƙarato, jama'a suka fara janye jiki. Darakta ya ga jirgin zai nutse da shi, sai ya nufi wani boka a bayan tsohon gareji, da rana tsaka. Daga bakinsa na ji yadda ɗakin yake. Babu taga, sai warin jini da baƙin mai. Bango cike da fostocin tsofaffin 'yan takara, duk an ƙwaƙule musu idanu. A tsakiya ga baƙar tukunya, ruwan cikinta yana motsi ba wanda ya taɓa shi.

Boka ya ce, "Ubangidanka ya riga ya faɗi. Ba ni da maganin wannan."

"To ni fa? In bi shi ƙasa?"

"Kai kana iya tashi da arziki. Amma faɗuwa nauyi gare ta, sai an ɗora wa wani. Kawo min hular wanda bai taɓa ce maka a'a ba."

Darakta ya ce, "Ta wani ba za ta yi ba?"

"Kan da bai yarda da kai ba, ba ya ɗaukar kayanka."

"Mutuwa zai yi?"

"Ka ji na ambaci mutuwa? Laifi kawai zai ɗauka."

Washegari a ofis Darakta ya ce wa Auta ya ara masa hularsa ta kamfen. Auta ya cire yana dariya. "Haba Yaya, har sai ka tambaya?" Boka ya tsoma ta a tukunya, ta fito a bushe, aka mayar wa mai ita.

Ranar zaɓe rabin rumfunanmu babu wakili, domin Darakta ya sayar da su ga abokan hamayya. Muka sha ƙasa. Ɗan takara ya tara mu a ofis, idonsa ja wur, ya ce, "Wa ya ci amanata?"

Auta ya miƙe da hular a kansa. Hawaye na zuba, ya dubi yayansa kamar mai neman a riƙe shi. Ya ce, "Ni ne."

Darakta ya sunkuyar da kai. Matasan jam'iyya suka ja Auta waje, suka rufe shi da duka. Bai ƙara tashi daga wannan dukan ba, kuma waɗanda suka raka gawarsa ba su cika mota ɗaya ba.

Sabuwar gwamnati ta buɗe wa Darakta ƙofa. Kwangila kan kwangila, gidan bene, motoci har ba wurin ajiyewa. Sai wata rana matarsa tana zuba abinci ta saki cokali, ta ce, "Ni ce." Ba ta sake faɗin wata kalma ba har ta rasu. Babbar 'yarsa ta ɗauka daga nan, tana buga kai da bango tana roƙon a yafe mata abin da ba ta sani ba. Ita ma aka binne ta.

Darakta ya koma wurin boka yana kuka. Boka ko ɗago kai bai yi ba. "Ɗan dako ɗaya ka ba ni, ka bari aka kashe shi. Kaya ba sa zama a ƙasa, iyalinka suke bi."

Kai da kake hangen arziki a kan wuyan wanda ya amince da kai, ka ji tsoron Allah. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma hakki ba ya ɓatan hanya.

Yanzu Darakta yana nan a ƙofar tsohon ofishinmu, ba takalmi, da hular Auta a kansa. Duk wanda ya wuce sai ya riƙe masa riga ya ce, "Wallahi ni ne, ba Auta ba." Mutane sai su girgiza kai su ce, "Allah sarki, dubi yadda ƙanen nan nasa maci amana ya haukata bawan Allah."